Kofi Daban, Gahawa Daban

Ranar Alhamis likita ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo yana mayar da kayan awonsa cikin jaka, ya gaya mana abin da ba mu so ji ba. Ya ce maƙogwaronta lafiya lau yake, sun gwada kafin su sallame ta, ba abin da ke hana ta haɗiye abinci sai ita kanta. Ƙarin ruwan da ake zuwa ana ɗaura mata ba zai riƙe ta har abada ba. Idan Litinin ta yi ba ta fara ci da bakinta ba, za a mayar da ita asibiti a zura mata roba ta hanci. A hankali ya faɗa, amma kunnen Gwaggo bai shanye ba. Ina kallonta ta juya fuska ga bango, kuma tsoro ya kama ni, don na san in aka sake fitar da ita daga ɗakin nan a kwance, zuciyarta ba za ta biyo mu gida ba.

Kwana huɗu ke nan da dawo da ita. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi, kalma ɗaya tak ta rage mata. A kawo mata shayi, ta ture da hannun hagu ta ce, “Kofi.” A kawo romo, ta datse haƙora ta ce, “Kofi.” Da muka tambayi likita ya ce a ba ta kaɗan, ba laifi, shi dai burinsa ƙofa ta buɗe.

Nan muka tarar da abin kunyarmu. Matar da ta yi shekara ashirin da tara tana haɗa wa mutane abin nan, ba ko ɗayanmu da ya san yadda ita take shan nata.

Gwaggo yayar Babana ce, ita ta goya shi. Aure ɗaya ta yi, mijin ya rasu bayan shekara shida ba su haihu ba, da aka fara yi mata zancen wani sai ta ce ta gode, ta ɗanɗana ta ji. Ta nemi aiki a wata maɗaba'a da ke ƙarshen layinsu, inda ake buga littattafan makaranta da kalanda da katin gayyata, aka ɗauke ta shara. A ƙarƙashin matakalar wurin akwai wani ɗan lungu mai risho ɗaya da famfo da kanta biyu, inda wani dattijo yake tafasa wa ma'aikata wani baƙin ruwa da sai an daure ake haɗiyewa. Ita ke wanke kofunan in an tashi. Wata uku tana wankewa tana duba abin da aka bari a ciki, sai ranar da dattijon ya yi tafiya ta roƙi a bar ta ta gwada. Da ya dawo ya tarar lungun ya yi sabon mai shi. Aka mayar da shi gadi, kuma an ce shi ma ya fi jin daɗin hakan.

Ba ta taɓa tambayar kowa yadda yake son nasa ba. Ta ce in ka tambayi mutum, zai gaya maka wanda yake so a ɗauke shi ne, in kana son sanin gaskiyarsa ka leƙa gindin kofinsa bayan ya tashi. Wanda ya bar rabi, an yi masa ɗaci. Wanda sukari ya kwanta masa a ƙasa, gaggawa gare shi, sai a juya masa kafin a kai. Ba ta da ma'auni sai wani ɗan kofin ƙarfe da ya lotsa a gefe, da shi take ɗibar garin gahawa, sauran kuwa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Na san lungun nan, don nakan bi ta can daga makaranta in jira ta tashi, warin tawada yana shigowa ta ƙofa yana kokawa da ƙamshin butarta. Ba sunan da take kiran kowa da shi sai na shansa. Mai tuƙa babban injin shi ne Kalar-bango, don madara ake zuba masa har sai abin ya yi fari kamar fentin ɗakin, a cikin wani ƙaton kofi mai hannu da yatsunsa masu baƙin mai za su iya shiga. Matar da ke ɗinke littattafai ita ce Citta, nata a ɗan ƙaramin tambulan yake zuwa, da citta da kanumfari ɗaya, tana kurɓa tana hura hanci. Direba a tsaye yake sha, a murfin fulas, ƙafa ɗaya a waje. Manaja kuwa ya sanar da kowa cewa shi baƙi yake sha, ba sukari, a farin kofi bisa faranti, kamar yadda manya suke yi. Gwaggo ta yi mako biyu tana zubar da ragowarsa, sannan ta fara ɓoye masa ƙwayar sukari ɗaya a bayan cokali. Har ya bar aiki ƙwayar ba ta taɓa dawowa ba, shi bai ce ya gani ba, ita ba ta ce ta sa ba.

Sai kuma mai duba kurakurai, wani siririn mutum mai tabarau da ke zama can ƙurya yana farautar harafin da ya juye. Harshensa ba ya jure zafi ko kaɗan, shi ya sa ta sa masa Sai-ya-huce. Nasa take fara zubawa, a wani kofi mai siririn baki da zanen shuɗin layi, ta ajiye a kanta, ta zaga da tire sama da ƙasa ta sallami kowa, sannan ta kai masa na ƙarshe daidai yadda yake so.

Abu ɗaya ne ke ɓata mata rai. In baƙo ya leƙo lungun ya ce a ba shi kofi, sai ta miƙa masa kofi wayam, ta naɗe hannu tana kallonsa. Kofi daban, gahawa daban, in ji ta, kofi shi ne mazubi, abin da ke ciki sunansa gahawa, wanda bai san bambancin riga da mai riga ba ai bai kamata ya fita kasuwa ba. A gida ma ta yi ta gyara mana har ta gaji ta ƙyale mu, muka girma muna ta “a haɗa kofi”, “na sha kofi”, muna yi mata dariyar tsohon yayi. Ku riƙe wannan, don mu ba mu riƙe ba.

Gwiwa ce ta raba ta da aikin, lokacin da hawa matakala da tire ya zama mata wahala. Aka yi mata taron ban kwana, aka ba ta agogon bango da yadi, ita kuwa ta roƙi a bar mata tsohuwar butar. Ta dawo gidan Baba, ɗakin da ke kusa da kicin, kuma mai hali ba ya barin halinsa. Kowace Asabar da hantsi mu huɗu sai mun hallara, ko muna so ko ba ma so: Baba, da Yaya babban wanmu, da Auta, da ni. Kowa da kofinsa a kabad ɗinta, ba mai taɓa na wani. Mukan zauna a falo muna musu, ta shigo da tire ta raba, ta koma kicin. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ba wanda ya taɓa bin bayanta ya ga abin da take yi a can.

Ni malamar makaranta ce, sana'ata gyara wa 'ya'yan mutane kuskure da jan biro, kuma ba na musun cewa ina da baki. Tun ina kwaleji na ɗaura wa kaina cewa baƙi nake sha, ba sukari ba madara, kuma ban bar kowa ya huta da jin haka ba. Nakan ce wa Baba abin da yake sha ba kofi ba ne, alewa ce mai ruwa. Nakan kuma yi mamakin yadda na Gwaggo yake shiga min, na ko'ina kuwa sai na yamutsa fuska a ɓoye. Na ɗauka gwaninta ce kawai ta hannu.

To, ranar Juma'a, bayan maganar likita, kowa ya zo da iliminsa. Baba ya ce shi ya fi kowa saninta, ciki ɗaya suka fito, madara take so mai yawa da sukari cokali uku, wato dai nasa. Ya kai, ta ture. Yaya, wanda ya yi shekara biyu a ƙasar waje bai bar mu mun manta ba, ya ɗauko wani inji daga gidansa mai huci kamar zai tashi sama, ya tsiyayo wani abu mai kauri da bai fi maƙurwa biyu ba, ya yi masa hular kumfa, har da zanen ganye a kai. Gwaggo ta kalli ganyen, ta kalle shi, ta rufe ido. Auta ta ce ku duka ba ku gane ba, mara lafiya sanyi yake so, ta kawo nata a dogon tambulan cike da ƙanƙara da bututun zuƙa. Wannan kam da Gwaggo tana da baki da Auta ta ji abin da bai yi mata daɗi ba, don ta sha cewa wanda ya sa wa gahawa ƙanƙara zai iya sa wa wuta bargo. Ni na zo ƙarshe da baƙi wuluk, ina jin ni ce ɗiyar da ta gaje ta. Ko kallo bai ishe ta ba.

Kofi huɗu suka jeru a kan tebur suna hucewa, mu kuma muka koma falo muna cacar baki, kowa yana cewa na ɗan'uwansa ne ya kashe mata sha'awa. Daga ɗaki muna jin ta, muryar a shaƙe, tana maimaita kalmar nan. Raina ya ɓaci, na koma na tsaya a kanta.

“Gwaggo, ga kofi har huɗu. Me kuma kike so mu yi miki? So kike a zura miki robar?”

Ta kalle ni da idon da bai karkace ba, hawaye ya gangaro ya shige kunnenta. Na yi wa ɗalibai tsawa ba adadi ban taɓa jin komai ba, amma wannan har yau in na tuna sai na ji na tsani bakina.

Asabar da hantsi muna nan duka, ba don mun tuna ranar ba, sai don ba mai iya zama a gidansa. Sai ga sallama a ƙofa, wani tsoho siriri da sanda da tabarau mai kauri, ya ce ya ji labari ne ya zo dubiya. Ban gane shi ba sai da ya ƙi zama kafin ya gyara kalandar bango da ta karkace. Malam Sai-ya-huce ne. Na kai shi ɗakin, ya zauna a kujerar gefen gado ya gaishe ta, ya yi mata addu'a. Fuskarta ta saki yadda ban taɓa gani ba tun da ta faɗi. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna shi, ta juyo gare ni ta ce, “Kofi.”

Na yi masa bayani cikin gajiya, yadda take ta neman kofi kwana shida, yadda muka haɗa mata kala huɗu ta ƙi. Ya saurare ni har na gama, kansa a karkace kamar mai bin layi da yatsa.

“'Yata, me kika ce tana cewa?”

“Kofi, Malam.”

“Kuma kuka kawo mata gahawa.” Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Shekara ashirin da tara na zauna da baiwar Allahn nan, ban taɓa jin ta kira gahawa kofi ba. Ciwo ya ɗauke mata magana, bai ɗauke mata hankali ba.”

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni mai jan biro, kalma mai harafi huɗu ta kayar da ni. Na ruga kicin na ɗauko kofi wayam na kawo mata. Ta karɓa, ta dangwarar da shi a kan bargo ta wajen Malam, sannan ta nuna Baba da ke tsaye a bakin ƙofa ta sake faɗin kalmar. Ta nuna Yaya, ta faɗa. Ta nuna Auta. Ashe “kofuna” take son cewa, harshe ya ƙi kai ta. Kwana shida mutane suna shiga ɗakinta suna fita hannu wayam, muna ta ɗura mata abu a baki alhali ba a ba kowa komai ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Na buɗe kabad ɗinta na kwaso komai a tire: na Baba mai hannun da aka liƙe, na Yaya, tambulan ɗin Auta, nawa, gwangwanin gari, sukari, madara, ɗan kofin ƙarfen awo. Can ciki na ci karo da wani abu naɗe a tsohuwar takardar kalanda, na warware, sai ga kofi mai siririn baki da shuɗin layi. Na haɗa da shi. Malam da ya gan shi sai ya sake cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Muka tayar da ita zaune da matasai, aka ɗora tiren a cinyarta, Yaya ya kawo tafasasshen ruwa a tsohuwar butar, na zama hannunta na dama. In ɗebo gari in nuna mata, ta girgiza kai, in rage, ta lumshe ido. Na zuba garin a butar, ta sa aka jira har ya kwanta, yatsanta a sama kamar mai tsayar da mota, Yaya yana ta leƙe bai isa ya ce uffan ba. Na Malam ta sa na fara zubawa aka ajiye gefe. Na Baba madara har wuya. Na Yaya kaɗan mai kauri, ba hula. Na Auta ta yarda aka bar shi da ɗumi-ɗumi, iyakar rangwamen da za ta iya ke nan. Da aka zo nawa na zuba baƙi zan ɗauke, sai ta dafe min hannu. Ta jawo gwangwanin sukari da kanta, ta ɗebo rabin cokali, rabinsa ma ya zube a tire, ta juye sauran a kofina, ta nuna min in juya.

Auta ce ta fara fashewa da dariya, Baba ya biyo ta har da tari. Shekara ashirin ina yi wa mutane lacca a kan baƙin kofi, ashe ni da manajan maɗaba'a jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Kofuna suka ƙare, ba nata. Na tambaye ta wanne zan zuba mata, Malam ya amsa a madadinta. Ya ce in ƙara ruwan zafi kaɗan a kan abin da ya kwanta a gindin butar, in girgiza, in tsiyaye a ɗan kofin ƙarfen awo, ba sukari ba madara. Haka take sha tun yana saninta, a tsaye a lungunta, kuma ba ta kai shi baki sai ta tabbata kowa ya kurɓi nasa. Ya taɓa tsokanarta ya ce wannan ai ruwan wanki ne, ta ce masa wanda ya sha na ƙarshe shi ya san abin da kowa ya sha.

Na zuba, wani ruwa fatsi-fatsi da ni ko kyauta aka ba ni ba zan karɓa ba, na sa mata a hannun hagu. Ta riƙe, ba ta ɗaga ba. Ta kalli Baba, ya kurɓa. Yaya ya kurɓa, ya ma yi ƙoƙarin cewa wani abu game da injinsa, kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye. Auta ta kurɓa. Sai idonta ya sauka a kan Malam. A maɗaba'a kafin ta gama zagaye rabin awa ta wuce, nan kuwa ɗaki ɗaya ne, nasa yana nan yana tururi. Ya kalli kofin, ya kalle ta, ya kalli ɗan kofin ƙarfen da ke rawa a hannunta yana neman zubewa. Sai ya ɗauka ya kai baki haka nan da zafinsa. Na ga wuyansa ya motsa, idonsa ya kawo ruwa, ya ajiye ya ce madalla, hannu bai canza ba.

Duk muka zuba mata ido, amma har yanzu ba ta ɗaga ba. Zuciyata ta yanke, na ce a raina shi ke nan, mun sake kuskure, Litinin za ta zo ta same mu a inda muke. Sai na lura ni take kallo. Ina tsugunne a gefen gado ina kuka ban sani ba, kofina yana hannuna ko taɓa shi ban yi ba. Leɓenta ya yi ta motsi, ɓarin da ya shanye yana jan wanda bai shanye ba, ta yi ta kokawa da iska kamar mai tura ƙofar da ta cije. Sannan kalma ta biyu ta fito, ta farko da ta dawo mata tun da ta faɗi.

“Sha.”

Na sha. Da zaƙinsa, daidai yadda nake so. Ta bi kofin da ido har na sauke shi, ta ɗan leƙo ta ga inda ya tsaya, sannan ta ɗaga nata.